Alluna biyu a Titin Bauchi: nazarin rikicin kwaikwayo a wata cibiyar kwamfuta a Jos

Cibiyar koyar da kwamfuta ta Kawuna tana wani layi ne da ya ɓalle daga Titin Bauchi a Jos, a saman bene, ƙasanta shagon fenti. Ta haura shekara goma. Ni ke riƙe masa littafin kuɗi, da yamma kuma in koyar da ajin taifin, don haka duk abin da zan rubuta a gabana aka yi shi, kuma ina da kasona na laifi a ciki. Ba zan kama sunan kowa ba, sahu ɗaya muke bi a masallacin layin.

Kwamfutocin tebur ashirin da biyu gare mu, HP da Dell, na hannu, waɗanda Kawu ya sayo a jimla daga Computer Village ta Ikeja. Dukkansu Core i5 ne 'yan ƙarni na 4. Lafiyarsu ƙalau muddin janareta na da mai. Damuwar daga babbar manhajar da ke tafiyar da su ta taso. Microsoft ya daɗe da shelanta cewa ranar 14 ga Oktoba 2025 zai janye hannunsa daga Windows 10, ita kuwa Windows 11 da ta fito tun Oktoban 2021 ba kowace kwamfuta take hawa ba. Tana son wani ɗan guntun tsaro da ake ce wa TPM 2.0, in Intel ce kuma sai ƙarni na 8 zuwa sama. Namu sun gaza da ƙarni huɗu cur.

Da mu kaɗai ne a layin, da Kawu ko a jikinsa. Kwamfuta ba ta mutuwa don an daina turo mata gyaran tsaro, yaran da ke zuwa koyon linzami da kibod kafin jarrabawar JAMB kuma ba ruwansu da lambar da ke bayan sunan Windows. To amma akwai na tsallaken titi.

Yaron Kawu ne. Shekara huɗu ya yi yana koyarwa a wurinmu, da ya tara abin da ya tara sai ya kama shago, ƙofa na kallon ƙofa. Kawu ya sa masa albarka, har ya ara masa kujeru shida. Allonmu tun farko ruwan ɗorawa ne da shuɗin rubutu: "Koyi kwamfuta cikin mako shida." Wata safiya a ƙarshen damina muka iske an rataya irinsa sak a tsallake, launi ɗaya, girma ɗaya, har hannun rubutun ɗaya, don wurin mai buga allonmu ya kai aikin. Nasa cewa ya yi: "Koyi Windows 11 cikin mako biyar. Ba ma koyar da tsohon yayi."

Bai kama suna ba, amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Litinin biyu a jere ba mu sayar da fom ko ɗaya ba.

Abu biyu cikin mako guda

Kawu ya yi abu biyu a makon nan, bai kuma lura ɗaya na ƙaryata ɗaya ba. Na farko sabon allo ne, ya fi na maƙwabci girma: "Mu ne na asali. A guji kwafi."

Na biyu daga wajen Injiniya ya fito, wani matashi da ya gama kwalejin fasaha, shi ke gyara mana na'urori. Ya ce, "Baba, ai ba sai an sayi sababbi ba. Akwai Linux, ita ma babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kyauta ce, kuma zan yi mata kwalliyar da ko mai Windows ɗin ya gani sai ya sake dubawa." Kawu ya tambayi nawa za a kashe, aka ce kuɗin data da filash ɗaya. Nan take ya ce bismillah.

Zorin OS Injiniya ya ɗora. Wasu 'yan'uwa biyu ne a Dublin ta ƙasar Ailan suka fitar da ita a 2009, suka gina ta a kan Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, ita ma a kan Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Masu Zorin ba su ɓoye niyyarsu ba. Sun tsara ta ne don wanda ya saba da Windows ya zauna gabanta bai ji baƙunta ba: maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, komai a inda hannu ya saba zuwa. Amma ba su taɓa cewa Windows ce ba. Sunansu ne a jiki da tambarinsu.

Injiniya ne ya ƙara gishiri. Ya jawo 'yan hotunan sandar ƙasa zuwa tsakiya yadda na Windows 11 suke, ya sauko da shuɗin hoton nan mai naɗe-naɗe kamar fure ya shimfiɗa a fuskar kowace kwamfuta. Sannan ya zo kan LibreOffice Writer, manhajar rubutu da ke zuwa tare da Zorin, ya sauya mata suna a kan allo zuwa Word, ya manna mata shuɗin harafin W. Calc, ta lissafi, ta koma Excel da koren X. Ina tsaye a bayansa da kofin shayi yana yi, na ga abin ya yi kyau, na yi dariya, ban ce uffan ba. Takardar shaidar da muke ba ɗalibai kuwa tana nan yadda take, an buga mata "Windows da Microsoft Office". Ni nake cike sunaye a jiki.

Washegari Kawu ya sa aka ƙara layi a ƙasan allon: "Shigo ka ga sabon yayi da idonka." Bai rubuta Windows 11 ba. Ya bar wa ido ya yi ƙaryar.

Wa ya fara ɗaukar na wa

Zargin "ya kwafe ni" da Kawu ya rataya a ƙofa tsohon makami ne a wannan sana'a, kuma masu manhajojin da muke faɗa a kansu sun fi kowa iya riƙe shi.

Tagogi da 'yan hotunan da ake dannawa da linzami, ba Apple ne ya fara su ba, ba Microsoft ba ne. Linzami aikin Douglas Engelbart ne tun shekarun 1960, cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya kuma ita ta harhaɗa abubuwan a kwamfutar Alto a 1973. Steve Jobs na Apple ya ziyarci wurin a Disambar 1979, bayan an ba Xerox damar sayen hannun jarin Apple na dala miliyan 1, ya ga abin da ya gani ya koma gida. Apple ya fitar da kwamfutar Lisa a 1983, Macintosh (Mac) a Janairun 1984. A yi wa Apple adalci, ba kwafi zalla ya yi ba. Shi ya kafa jerin umarni a saman allo mai saukowa in an danna, ya sa ana jan fayil da linzami a jefa shi cikin jaka, ya kuma mayar da linzamin Xerox mai maɓalli uku zuwa mai maɓalli ɗaya mai sauƙin kuɗi.

Da Microsoft ya sanar da Windows a ƙarshen 1983, Jobs ya kira Bill Gates na Microsoft ya zarge shi da sata ido da ido. Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Macintosh, ya ba da labarin amsar da Gates ya bayar: wai su biyun suna da wani attajirin maƙwabci mai suna Xerox, shi ya haura gidan zai ɗauke talabijin, sai ya tarar Jobs ya riga shi.

A Maris 1988 Apple ya maka Microsoft da Hewlett-Packard a kotu, ya lissafa abubuwa 189 da ya ce an ɗauka daga fuskar manhajarsa. Abin da ya karya shi wata takarda ce da shugabansa na lokacin, John Sculley, ya sa wa hannu a Nuwambar 1985, wadda ta ba Microsoft lasisin amfani da kamannin Macintosh a Windows 1.0. Alƙali ya ce 179 daga cikin 189 lasisin nan ya rufe su, sauran kuma yawancinsu ba irin abin da mutum zai ce nasa ne shi kaɗai ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 1994: babu mai mallakar tunanin mayar da allon kwamfuta kamar teburin ofis. Ana tsaka da shari'ar, Xerox ma ya kai Apple ƙara a 1989, aka yi watsi da ita.

Da kotu ta gagara sai aka koma allo, kamar dai Kawu. A taron masu rubuta manhaja na Apple a San Faransisko a Yunin 2004 an rataya manyan kyallaye masu cewa Redmond, garin da hedikwatar Microsoft take, ta kunna injinan fotokwafinta. A taron nan kuma aka nuna Dashboard, 'yan ƙananan manhajoji masu nuna agogo da yanayi da kalkuleta, sai masu wata manhaja da ake kira Konfabulator, waɗanda suka fitar da irin wannan tun 2003, suka ce ai aikinsu ne aka ɗauka. Kura ce ke ce wa kare maye. Kuma abin bai tsaya ba har gobe. Windows 10 ta kawo tebura da yawa, wato fuskokin allo da ake sauyawa tsakaninsu, a kwamfuta guda a 2015, abin da Mac ke da shi tun 2007, masu Linux kuwa tun kafin nan. Windows 7 ta kawo jan taga zuwa gefe ta manne ta cinye rabin allo a 2009, Apple bai kawo irinsa ba sai a macOS Sequoia a 2024. Ita kanta Windows 11 da maƙwabcinmu ke taƙama da ita, ranar da aka nuna ta da 'yan hotuna a tsakiya da tagogi masu lanƙwasassun kusurwa, masu Mac cewa suka yi nasu aka ɗauko.

Labarin da na fi so Kawu ya ji kafin ya buga allonsa shi ne na tallan talabijin. Daga 2006 zuwa 2009 Apple ya yi ta sakin tallan mutum biyu, matashi cikin kayan shan iska yana cewa shi ne Mac, da wani mai kwat da tabarau, kullum cikin matsala, yana cewa shi ne PC, wato kwamfuta mai Windows. Shekara biyu Microsoft na haɗiye abin. A Satumbar 2008 ya fito da nasa, cikin wani kamfen da jaridu suka ce na dala miliyan 300 ne, ya buɗe da wani ma'aikacinsa mai kama da mai kwat ɗin yana cewa shi ne PC, mutane iri-iri suka biyo baya suna maimaitawa. An yaba tallan. Sai dai kalmar ta Apple ce, duk wanda ya ji ta tallan Apple zai tuna. Apple kuwa bai ɓata lokaci ba, ya saki wani inda mai kwat ke kasa kuɗi, babban tari na talla, ɗan ƙarami na gyaran Vista, Windows ɗin lokacin, daga ƙarshe ya tattara duka ya mayar kan talla.

Mu ma haka ta same mu. Mai shayin ƙasan bene ne ya gaya min duk wanda ya tsaya ya karanta "A guji kwafi" sai ya waiga ya ga wane ne kwafin, ya karanta nasa allon mai mako biyar da Windows 11. Da kuɗinmu muka nuna wa mutane ƙofarsa. Mai neman wurin koyo bai damu da wanda ya fara ruwan ɗorawa ba, so yake ya san abin da zai iya in ya fita.

Ranar da Hajiya ta hawo bene

Da sanyi ya sauko sosai, irin na Jos da ruwan alwala ke yanka hannu, ajin farko na sabon tsarin ya kammala. A cikinsu akwai wata yarinya daga Anguwan Rogo, wadda ta fi kowa saurin hannu a ajina. Ta sami aiki a wani shagon buga takardu kusa da Taminus. Kwana biyu ta yi aka sallame ta.

An zaunar da ita ne gaban Word ta gaske, aka ba ta furojet ɗin wani ɗalibi ta sa masa lambar shafi, shafukan farko da lambar Romawa, sauran da lambar yau da kullum, ta kuma fitar da jerin abubuwan da ke ciki. Ta iya wannan, ni na koya mata. Amma a Writer ta koya, inda ake bi ta jerin umarni na sama a sauya salon shafi. Word tun 2007 ta ajiye wannan jerin ta koma wani faffaɗan layi mai ɗauke da maɓallai rukuni-rukuni, kuma ita sai an yanka takardar sashe-sashe kafin lambar ta sauya. Yarinya ta yi ta laluben abin da ba ya nan, mai furojet na tsaye a kanta, mai shago na kallo. Ya karɓi takardar shaidarta ya juya ta, ya ce ko dai sayo ta ta yi.

Mahaifiyarta ta hawo benen da takardar a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaida Kawu, ta zauna, ta ajiye takardar a kan tebur.

"Alhaji, ni ban yi boko ba. Karanta min abin da ka rubuta a nan."

Kawu ya karanta.

"To shi ka koya mata?"

"Hajiya, ai kusan duk ɗaya ne, kama suke..."

"Kama da wane ba ta wane, Alhaji. Kuɗin adashena na kawo maka. Yanzu ana cewa 'yata takardar bogi ta saya."

Kawu ya kalli Injiniya, Injiniya ya kalle ni, ni kuma na kalli rubutun hannuna a jikin takardar.

A ganina kamannin Zorin da Windows bai cuci yarinyar nan ba. Shi ne ma ya sa ba ta ɓata ba wajen buɗe jaka da ajiye fayil da tura wa firinta, duk ta yi su a ranar farko babu gargada. Writer ma ba ta gaza ba, tana yin aikin tsaf ta hanyarta. Abin da ya cuce ta harafin W ɗin nan ne da layin da ke jikin takardar. Da an gaya mata gaskiya, da ta shiga shagon tana sane da cewa sai ta nemi inda abubuwa suke, da rabin awa ya ishe ta.

Akwai wata shari'a da ta nuna inda su kansu manyan suke ja layi. A 2001 Michael Robertson ya fitar da Linux mai kama da Windows ya sa mata suna Lindows. Microsoft ya kai shi ƙara a Disambar shekarar, kuma a kan suna ne ba a kan kamanni ba. Kotun Amurka ta ƙi dakatar da shi, har aka fara tambayar ko kalmar "windows" ɗin ma ta gama-gari ce da ba ta da mai ita. A 2004 Microsoft ya biya dala miliyan 20 aka sauya sunan zuwa Linspire. Kamfanin da ya tsira a kotu kan batun kamanni shi ne ya kashe wannan kuɗin don ya tsare suna, domin suna ne ke gaya wa mai saye abin da ke cikin kwali. Mu kuwa ba kusa da sunan muka matsa ba kamar Lindows, ɗauko shi muka yi ɗungurungum muka liƙa.

A makon nan Injiniya, wanda ke neman wanke kansa, ya zo da labari mai zafi: kwamfutocin tsallake ma tsofaffi ne irin namu. Da Rufus aka ɗora musu Windows 11, manhajar nan da ake haɗa filash da ita, wadda ke da wurin da za a danna a tsallake binciken TPM. Windows 11 ce ta gaske, amma a kan na'urar da Microsoft ya ce ba ya lamunin ci gaba da turo mata gyara. Idon Kawu ya yi haske, har ya fara tsara kalmomin allo na uku da baki. Na ce, "Kawu, shi aƙalla Word ɗin da ɗalibansa suka koya ita za su tarar a waje. In ka rataya wannan yau, gobe labarin Hajiya zai rataya." Ya yi shiru, ya ce in tashi in ba shi wuri. Da la'asar ya sa aka sauke "A guji kwafi".

Gyara

Cire W da X bai ci Injiniya awa guda ba. Sauran ne ya ci kuɗi. Kawu ya sayi kwamfutocin cinya shida na hannu 'yan ƙarni na 8 a Ahmadu Bello Way, ya biya lasisin Office a kansu yana ƙunƙuni. Aka kira ajin da ya fita gaba ɗaya suka yi mako biyu kyauta a kan Word da Excel na gaske, aka karɓi tsofaffin takardun aka ba su sababbi masu faɗin abin da kowa ya koya. Kawu da ƙafarsa ya je shagon Taminus ya ce laifinsa ne. Mai shagon ya ba shi kujera da ruwa, amma an riga an ɗauki wata. Hajiya ta karɓi sabuwar takardar, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Gardamar ƙarshe a kan sa kalmar Linux a allo aka yi ta. Kawu ya ce wa ya san ta a Jos. Injiniya ya nuna masa wayarsa ta Android ya ce ita ma a kan Linux aka gina ta, ya kuma tuna masa a 2007 an yi odar ƙananan kwamfutocin Classmate 17,000 don makarantun Najeriya ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa da ya ji za a goge ta a sa Windows. Kawu ya ce in dai har manya sun yi faɗa a kanta to a rubuta. Yaran JAMB ba su ƙaru ba saboda haka, amma wasu ɗaliban kimiyyar kwamfuta daga jami'a sun fara leƙowa ran Asabar, suna son wurin da za su koyi ba Linux umarni da rubutu. Ba su da yawa, sai dai sun fi biya, kuma tsofaffin Core i5 ɗinmu sun ishe su.

Bayan 'yan makonni muka ga an liƙa farar takarda a ƙasan allon tsallake, an rubuta da maka: "da Linux". Na tuna Agustan 1997 a Boston, ranar da Jobs ya sanar da cewa tsohon abokin hamayyarsa Microsoft zai zuba dala miliyan 150 a Apple, fuskar Gates ta bayyana a babban allo jama'a suna ihun ƙin yarda. Ban gaya wa Kawu ba, ya gaji da labaran Amurka.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, sai ga maƙwabcin ya hawo bene. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Kawu, suka tambayi iyali da sanyi. Can ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, dama filash ɗin nan na Injiniya nake so a ara min, na sa Linux a allo ban ɗora ta ba tukuna."

Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya wajen Injiniya.

"Ba shi. Amma Litinin ya dawo da shi, kada ya bi sahun kujeruna shida."